Saurin kawowa ya jefa ni shan Tramol, ina mafita?

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 32, aurena shekara ɗaya da rabi kenan. Matsalata saurin kawowa, tun daren farko har yau, da na shiga ko minti ɗaya ba na yi. Matata ba ta taɓa yi min magana ba amma ina gani a fuskarta, sai ta juya ta kalli bango ta yi shiru, ni kuma kunya ta sa in ɗauki waya ko in tashi in shiga wanka. A majalisa abokai suna cewa suna yin minti 40 wasu har awa. Na sha maganin basir, na sha na sanyi, na sha gagai da wani na kwalba da ake sayarwa a tasha, duk ba canji. Wata biyar da suka wuce wani abokina ya ba ni Tramol, da farko ya yi aiki, yanzu kuma ko ba zan kusance ta ba in ban sha ba jikina ciwo yake kuma ba na iya barci. Ina tsoron ko wasa da gaba da na yi lokacin samartaka ne ya lalata ni, ga shi har yanzu ba ta samu ciki ba. A taimaka min da shawara, wallahi abin ya hana ni sukuni.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya yaye maka, ya zaunar da ku lafiya kai da iyalinka. Duk abin da ka tambaya zan amsa maka, amma ka yi haƙuri ba da saurin kawowar zan fara ba, da Tramol ɗin zan fara, domin a cikin duk abin da ka lissafo shi ne zai iya kwantar da kai ko ma ya yi ajalinka. Saurin kawowa yana ɓata rai, yana sa kunya, amma ba ya kisa. Tramol kuwa yana kisa.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba da ya ce yana jinkirta kawowa, yana yi, likitoci ma sun san da haka, amma maganin kashe zafin ciwo ne mai ƙarfi daga dangin su mofin, kuma jiki yana sabawa da shi da wuri. Wannan ciwon jikin da rashin barcin da kake ji in ba ka sha ba, ba wani sabon ciwo ba ne ya same ka, alamar jikinka ya riga ya kamu ne, kuma in ka lura ƙila akwai zufa, ɗacin rai, faɗuwar gaba, wani har gudawa da yoyon hanci kamar mai mura. Garin neman ƙiba kenan an samo rama. Ga shi kuma wanda ake sayarwa a ɓoye yawanci mai lamba 200 ne ko 225, alhali wanda hukuma ta yarda da shi a Najeriya 50 ne da 100, shi ma sai likita ya rubuta. Manyan nan su ne suke jefa samari farfaɗiya, mutum yana kan babur ko yana bakin wuta sai kawai a ga ya zube yana shure-shure, kuma su ne suke danne numfashi musamman in an haɗa da maganin barci ko kodin. Abin da zai fi ba ka haushi ma, in aka daɗe ana sha yana rage sinadarin namiji a jiki, sha'awa ta ja baya, gaban ma ya fara ƙin tashi. Kaga an je neman daɗewa an dawo ba tashin ma.

Toh amma kar ka ce yau da dare zaka watsar da shi gaba ɗaya ka daure. Wanda ya kai wata biyar yana sha a hankali ake rage masa, kuma likita ne yake tsara yadda za a rage. Ka je ka faɗa masa gaskiya, guda nawa kake sha a rana, mai lamba nawa, tun yaushe, ka ma tafi da kwalin a aljihunka ka nuna masa. Ba zai kira maka NDLEA ba, aikinsa kenan kullum. In ya tura ka sashen masu kula da ƙwaƙwalwa kar ka ce ai ni ba mahaukaci ba ne, su ne suka ƙware a raba mutum da ƙwaya, shikenan. Na matsa a kan wannan ne saboda wani dalili kuma, magungunan sha da ake bayarwa na saurin kawowa na asibiti ba sa haɗuwa da Tramol sam sam, in aka haɗa suna iya tayar da zazzaɓi mai zafi da karkarwa da ruɗewa har a kai mutum gadon gaggawa. Kenan in ka ɓoye wa likita ka cuci kanka da kanka.

Yanzu mu zo kan majalisa. Ƙanina maganar minti 40 da awa ɗaya ɗin nan, ka bar ta a inda ka ji ta. A shekarar 2005 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Waldinger shi da abokan aikinsa sun ba ma'aurata wajen 500 agogo a ƙasashe biyar, Holan da Ingila da Sifen da Turkiyya da Amurka, aka ce su danna daga shiga zuwa kawowa. Da aka tattara, tsaka-tsakin abin minti 5 ne da 'yan daƙiƙoƙi, wato rabin mazan nan ko minti 5 da rabi ba sa kaiwa. Akwai 'yan tsiraru da suka wuce rabin awa, ba a ce babu ba, amma ba su ne ma'auni ba, kuma ka tambayi duk wata ma'aikaciyar asibiti da mata suke kai wa kuka, macen da ake yi wa minti 40 ba hutawa ciwo take ji da bushewa, addu'a take a gama. Maza dai ba a raba mu da cika baki a kan wannan, wanda ya fi kowa ɗaga murya a majalisa wani lokacin shi ne yake zagayawa wajen mai magani da daddare. In aka yi tambaya a ƙasashe daban-daban tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na maza ne suke kukan suna saurin kawowa, ka ƙirga mutanen majalisarku ka gani.

Amma ba zan ce maka ba ka da matsala ba, kana da ita. Likitoci sun kasa abin gida biyu. Akwai wanda tun saduwarsa ta farko haka yake, cikin minti ɗaya ko ƙasa, ba ya iya riƙewa kuma abin yana damunsa. Akwai kuma wanda da lafiyarsa ƙalau daga baya abin ya same shi ya dawo minti uku ko ƙasa. Na biyun nan yawanci akwai wani abu a ƙarƙashi, ko gaba ne ya fara rauni mutum yake gaggawa kafin ya kwanta, ko kumburin prostet wato ƙullin nan da ke ƙasan mafitsara, ko ciwon tayroid na maƙogwaro mai sa jiki gudu, ko damuwa da rigimar gida. Yadda ka ba da labari naka na farkon ne, kuma shi galibi halitta ce, yana da alaƙa da wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira serotonin wanda shi ne yake riƙe abin, wasu mazan haka aka halicce su jikinsu yana saurin saki, sai tsoro da fargaba su zo su ƙara masa gudu. Yau ka yi sauri, gobe tun kafin ka taɓa ta zuciyarka tana bugawa kana cewa yau ma haka za a yi, ai kuwa haka ɗin za a yi, domin jikin da yake cikin fargaba shi ne ya fi saurin saki.

Shi ya sa maganin basir bai yi maka komai ba. Basir jijiyoyin dubura ne suke kumbura, ba ruwansa da wannan, ko a wanke maka ciki sau goma ba abin da zai canja sai dai ka rame ka galabaita. Masu lasifika a kasuwa komai basir ne da sanyi a wurinsu domin shi suke da maganinsa. Na kwalban nan na tasha kuma shi ya fi ba ni tsoro, hukumomin magunguna a ƙasashe da yawa sun sha kama irin waɗannan ana rubuta musu na gargajiya ne zalla alhali an daka sildenafil an zuba, wato abin da ke cikin Viagra, ba awo ba ƙa'ida. Shi kuma aikinsa tayar da gaba ne ba jinkirta kawowa ba, kuma mai ciwon zuciya da yake shan wasu magungunan ƙirji yana iya faɗuwa a kansa, mai sikila kuwa gaban yana iya tashi ya ƙi kwanciya, wanda in ya wuce awa 4 a haka asibiti ne da gudu ko a rasa shi gaba ɗaya. Dabino da zuma da kankana ka ci abinka, abinci ne mai kyau, amma kar ka ɗora musu aikin da ba nasu ba.

Batun abin da ka yi da samartaka, ka tuba tsakaninka da Ubangijinka ya wuce, amma ta fuskar lafiya bai lalata maka komai ba, bai ƙarar maka da maniyyi ba, bai kashe jijiya ba. Iyakar abin da zai iya yi shi ne ya sabar wa jiki gaggawa saboda a ɓoye ake yi ana sauri kar a kama mutum, kuma sabo ana canja shi. Ka sauke wannan kayan daga kanka, shi kansa zargin kan nan yana cikin abin da yake hana ka natsuwa a shimfiɗa.

Yanzu inda na fi so ka tsaya ka karanta da kyau, wato matarka. Ka ce tana juyawa ta kalli bango kai kuma ka ɗauki waya. Ka taɓa tunanin me take saƙawa a ranta a lokacin? Kai kana can kana cewa ta raina ni, ita kuma mai yiwuwa tana can tana cewa ya gama buƙatarsa ya tashi, ba ya sona, ko ni ce ban iya ba, ko ina wari ne da yake gudu banɗaki. Kunyarka ita a idonta halin ko-in-kula ne. Kuma kar ka yi mamaki in ta riga ta fara kashe kuɗinta a kayan mata, ƙawaye suna ce mata ta yi matsi, wanda in ta yi ma ƙara maka saurin zai yi ita kuma ya busar da ita ya jawo mata ciwo. Shekara ɗaya da rabi kuna kwana gado ɗaya kowa yana fama shi kaɗai, haba ƙanina. Allah ya ce su tufa ne a gare ku ku ma tufa ne a gare su, toh wa ya fi cancanta ya san wannan sirrin, ita ko abokin da ya miƙo maka Tramol?

Ka same ta ba a gado ba, ba kuma bayan an gama ba. Da rana ko bayan isha kuna zaune kun ci abinci, ka ajiye wayar. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, ka ce mata: “Akwai maganar da na daɗe ina so in yi miki kunya ta hana ni. Na san ina rigan ki gamawa kuma na san kina haƙuri, wallahi abin yana damuna fiye da yadda kike zato, tashin da nake yi ba don ban damu da ke ba ne, kunyarki nake ji. Na nemi shawara an ce yana da magani amma sai da taimakonki.” Shikenan. Ƙila ta yi shiru, ƙila ta yi kuka, ƙila ta ce ai ba komai don kawaici, kar ka ɗauki ba komai ɗin nan ka rufe maganar. Ka faɗa mata batun ƙwayar ma, domin lokacin da za a rage maka ita zaka yi 'yan kwanaki kana ƙunci da saurin fushi, gara ta san dalili.

Sannan ka gyara tunaninka a kan me ake nufi da gamsar da mace. Mafi yawan mata ba shiga da fita kaɗai ke kai su ba, ko da namiji zai yi rabin awa, abin da yake kai su wasa ne da tattausar magana da shafa, musamman ɗan tsaka, kuma jikin mace ya fi na namiji jinkirin ɗaukar zafi. Don haka ka juya tsarin, ita ce farko. Ka ba ta minti 15 ko 20 ko fiye da hannunka da bakinka da hira, kar ka yi gaggawar shiga, ka tambaye ta ina ta fi so, in kunya ta hana ta faɗa ka ce ta kama hannunka ta kai. In ta samu natsuwa ko ta kusa kafin ka shiga, minti ɗayan nan naka ba zai zama musiba ba. In kuma ka riga ta, ba a tashi. Ka zauna a jikinta ka ƙarasa mata da hannu, wanka ba gudu zai yi ba. Wannan kaɗai daga daren yau zaka iya farawa ba ka kashe ko sisi ba, kuma zaka ga abin mamaki, ranar da ka san ko ka yi sauri ba za ta kwana da takaici ba, fargabar tana raguwa, in ta ragu kai ma sai ka ƙara daɗewa.

Sai horon jiki. Akwai dabarar tsayawa da ci gaba wadda wani likitan mafitsara a Amurka James Semans ya fito da ita tun 1956 kuma har yau ita ake koyarwa. Littattafan Turawa za su ce mutum ya fara gwadawa shi kaɗai, kai ba ka buƙatar wannan, kana da halalinka, hannun matarka ya halatta gare ka. Ka kwanta rigingine ita ta riƙa yi maka wasa da hannu a hankali, kai kuma aikinka ɗaya ne, ka saurari jikinka. Akwai wani wuri da in ka wuce shi ba dawowa, kuma kafin shi akwai alamu, numfashi yana sauri, cinyoyi da mara suna ɗaurewa, wani zafi-zafi yana tasowa daga ƙasa. Kamar mai dafa wake ne, in kumfa ta fara tasowa ake janye itace, in ka bari ta kai bakin tukunya sai zuba. Da ka ji alamar sai ka ce mata tsaya, ta cire hannu gaba ɗaya, ka ja numfashi mai zurfi har cikinka ya taso ka sake shi a hankali, ka saki cinyoyinka, kamar daƙiƙa 30 ko har ka ji abin ya sauka, sannan ta ci gaba. Sau uku kuna tsayawa, a na huɗu ka bari ya zo. Ku yi haka sau biyu ko uku a sati. Satin farko zaka sha kuskurewa, zaka ce tsaya bayan aikin gama ya gama, ba komai, ku yi dariya ku bari sai wani jiƙon, da haka ake gane wurin.

In kun yi sati biyu ko uku ka ga kana iya tsayawa sau ukun nan, sai ta ƙara da ɗan mai mai santsi, ya fi kama da ainihin abin. Daga nan sai shiga, amma ita a sama kai a kwance, ku shiga ku tsaya cak ba motsi ka bar jikinka ya saba da ɗumin, sannan ta motsa a hankali, ka ce tsaya ta tsaya. Kwanciyar gefe da gefe ma tana taimakawa. Wadda ta fi saurin kawo namiji ita ce shi a sama ya dogara da hannuwansa duk jikinsa a ɗaure, wannan ka ajiye ta sai ka ƙware.

In tsayawa kaɗai ba ta isa ba akwai matsawa, wadda wasu masu bincike biyu na Amurka, Masters da Johnson, suka koyar a 1970. Da ka ji ya taso sai a fitar, ita ko kai a sa babban yatsa a ƙasan kan gaban daidai inda kai ya haɗu da jiki, yatsu biyu a sama, a matsa da ɗan ƙarfi ba mai ciwo ba na 'yan daƙiƙoƙi har jin ya koma, a jira rabin minti a ci gaba. Gaban zai ɗan yi laushi, kar ka tsorata zai dawo. Wasu ma'auratan ba sa son ta domin tana katse daɗi, in ba ta yi muku ba ku tsaya a ta farkon.

Akwai kuma motsa naman ƙasan mara, wanda ake kira Kegel. Naman da kake matsewa in kana so ka tsayar da fitsari ko ka riƙe tusa a cikin mutane, shi ne. Ka gwada sau ɗaya wajen fitsari don ka gane shi kawai, kar ka mayar da shi al'ada a banɗaki. Daga nan ka matse daƙiƙa 3 ka saki daƙiƙa 3, sau 10, safe da rana da dare, ba tare da ka riƙe numfashi ko ka ɗaure ciki da ɗuwawu ba, kana zaune a shago ko a ofis ba wanda zai sani, kuma sakin yana da muhimmanci kamar matsewar. A Italiya an gwada horon wannan naman a kan maza 40 masu irin taka tun farko, sati 12 ƙarƙashin kulawar masana, 33 daga cikinsu suka samu canji, daga ƙasa da minti ɗaya zuwa sama da minti biyu. Mutanen ba su da yawa kuma ba mu'ujiza ba ce, amma ga wanda yake daƙiƙa 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka lura da sati 12 ɗin, ba kwana uku ba.

Ƙananan abubuwa kuma, kar ka riƙa yin sati biyu kana gudunta don tsoron kunya, daɗewa ba a yi ba yana ƙara saurin. Zagaye na biyu yawanci ya fi na farko daɗewa, kuma ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya sadu da iyalinsa yana so ya sake ya yi alwala a tsakani. Shawarar nan ta ka riƙa tunanin ƙwallo ko bashin da ake binka ban yarda da ita ba, tana raba ka da matarka a lokacin da ya kamata kana tare da ita, kuma tana hana ka jin alamun da nake so ka koya. Ka samu barci, ka riƙa tafiyar ƙafa ko gudu, in kana shan sigari ko shisha ka rabu da su don jijiyoyin jinin gaban.

Gaskiyar da zan faɗa maka dai, tunda naka tun farko ne kuma ƙasa da minti ɗaya, ina ganin dabarun nan su kaɗai ba lalle su kai ka inda kake so ba, haɗa su da maganin asibiti shi ya fi aiki, kuma ba abin kunya ba ne. Mafi sauƙi akwai na shafawa ko na fesawa masu lidoken, wasu haɗe da priloken, suna ɗan rage jin kan gaban. Na fesawa minti 5 zuwa 15 kafin saduwa, na shafawa kamar minti 20 zuwa 30, sannan dole ka goge ko ka wanke kafin ka shiga in ba haka ba ita ma za ta daina jin komai, in kuma ka labta da yawa kai ma gaban zai mutu ya kwanta. Kororon roba mai kauri ma yana rage ji, sai dai ku da kuke neman haihuwa ba zai zama na kullum ba. Sai na sha, akwai dapoxetine da ake sayarwa da sunan Priligy, ana shan sa awa 1 zuwa 3 kafin saduwa, ba a wuce sau ɗaya a awa 24, yana iya sa tashin zuciya da jiri da ciwon kai wani har suma in ya miƙe da sauri, shi ya sa ake auna jini a tambayi lafiyar zuciya da hanta kafin a bayar. Akwai kuma irin su paroxetine da sertraline da ake sha kullum, asalinsu na ciwon damuwa ne amma suna jinkirta kawowa sosai, sai sun yi sati ɗaya zuwa biyu kafin a ga aikinsu kuma su ma ba a yanke su rana ɗaya. Na faɗi sunayen ne don in likita ya ambata kar su zame maka baƙi, ba don ka tsaya a kemis ka saya ba, ballantana kai da Tramol yake jikinka yanzu.

Likitan da zaka nema shi ne na mafitsara da al'aurar maza. In kana Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kuma asibitin mafitsara na Abubakar Imam, Zariya akwai na Shika, Sakkwato da Maiduguri ma asibitocin koyarwarsu suna da sashen, in duk sun yi maka nisa ka fara da likitan babban asibitin garinku shi zai tura ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kar ka shiga ka ce masa jikina ne ba daɗi kana jira ya gano da kansa, in bakinka ba zai iya ba ka rubuta a takarda ka miƙa masa: saurin kawowa tun farkon aure, ƙasa da minti ɗaya, ina shan Tramol wata biyar, ba mu samu haihuwa ba. Zai tambaye ka ko gaban yana tashi sosai, ko kana jin zafin fitsari ko ciwo a mara, zai iya auna suga da hawan jini da fitsari. In Hajiyar taka za ta yarda ta raka ka ya fi.

Batun ciki kuma, saurin kawowa ba ya hana haihuwa matuƙar a ciki ake zubawa, maniyyi ba ya tambayar minti nawa aka yi. Amma ƙa'idar likitoci ita ce in ma'aurata sun shekara suna saduwa ba tsarin iyali ba ciki, a duba su su biyun, ku kuma kun wuce shekara, ga Tramol da yake iya taɓa ingancin maniyyi, ga shi ina zargin kana yawan gudun shimfiɗar ma wanda shi kansa yana rage damar. Ka faɗa wa likita kuna neman haihuwa kafin ya zaɓa maka magani domin wasu na kullum ɗin suna iya shafar maniyyi. Kuma don Allah kai zaka fara yin gwajin kafin a fara jan yarinyar mutane daga wannan mai magani zuwa wancan ana ɗura mata jiƙe-jiƙe, naka ya fi sauƙi ya fi araha, za a ce ka ƙaurace mata kwana 2 zuwa 7 sannan ka ba da maniyyi a ɗan kwalba a duba, in sakamakon farko bai yi kyau ba ana maimaitawa bayan kamar wata uku domin sabon maniyyi yana ɗaukar wajen haka kafin ya haɗu. Allah ya ba ku masu albarka.